Hannun Majo Abarshi

Ranar Talata da hantsi labarin ya iske ni, ina kwance ƙarƙashin wata kamiyo, babbar motar kaya, a bakin tashar jirgin ruwa ta Abijan, ina ɗaure mata noti. Saƙon murya ne daga Sule, ɗan baffana, wanda ke jan motar haya tsakanin Filinge da Yamai. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Tahiru, sai haƙuri. Majo Abarshi ya cika jiya a Yamai. Mun kawo shi gida, an rufe shi bayan la'asar. Ciwon hannun nan ne dai, wanda murfin tanderun asibiti ya karya mishi. Sun ce ya shiga jini. Ga mutane nan wurin zaman makoki suna ta ƙus-ƙus, wai Allah ne ya kama hannun da ya ƙone sadaka."

Na faɗi abin da musulmi ke faɗi idan ya ji mutuwa. Na fito daga ƙarƙashin motar, na zauna a ƙasa cikin baƙin mai. Ban yi kuka ba. Amai na yi.

Murfin tanderu bai taɓa hannun Majo ba. Ni na karya shi, da ƙarfen jak ɗin ambilans, shekara huɗu da suka wuce, a bayan asibiti, da rana tsaka. Shi ya ƙirƙiri maganar murfi don ya rufa mini asiri, kuma ya riƙe ta har kabari. Iyalinsa ba su sani ba, mutanen gari ba su sani ba, shi ya sa yau suke jingina ciwonsa ga fushin Allah. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san wa ke yabon mamacin, ya auna maganata yadda ta dace.

Majo Abarshi Noma shi ne shugaban masu jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa aiki, a wani asibiti na ƙasarmu ta Kurfai. Ba zan kira sunan asibitin ba, don laifin da zan faɗa nawa ne, ba na gini ba. Ni kuwa shekara tara na yi ina jan ambilans ɗin wurin. Majo gajeren mutum ne, siriri, mai saurin tafiya. Ɗan manomi ne kuma bai taɓa barin noma ba. Da damina, yana sauka aiki zai cire farar riga ya ɗauki hauya ya nufi gonar hatsinsa a bayan gari. Abin da ido ke fara gani a jikinsa hannuwansa ne. Farce a yanke har nama, fata ta tsattsage ta yi fari saboda ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta. A ƙofar ɗakinsa ya ajiye bokiti mai famfo da guntun sabulu, kuma ko likitan da ke yanka ba ya wuce wurin da busasshen hannu. Duk wanda ya fara kawo hujja, amsa ɗaya yake samu: "Wanke tukuna, sannan ka yi mini gardama."

Na ga ranar da wani babban alhaji ya zo dubiya da jama'arsa, ya bi gadaje yana ba kowane majinyaci hannu, yana dafa goshi yana addu'a, yadda aka saba. Da ya iso wurin Majo ya miƙa masa hannu, sai Majo ya mayar da nasa baya.

"Alhaji, nan ciki gaisuwa da baki ta isa."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan wane ne a garin ga?"

"Ɗan mai noma ne, ranka ya daɗe. Ga sabulu can."

Alhajin ya fita bai wanke ba, kuma bai sake gaida Majo ba ko a masallaci. Majo bai damu ba, ko kuma ya damu bai nuna ba. Amma mutumin nan da ke ƙin hannun manya shi ne ke durƙusawa ya wanke makiyayin da aka kawo daga daji ba shi da kowa, ya kwashe masa kashi, ya ba shi fura a baki. Yana da 'yan kalmomin Fillanci da na Zabarmanci da yake faɗa a karkace da gangan, don majinyaci ya yi dariya kafin a taɓa miki. Bai taɓa yi wa kowa ƙaryar cewa ba za a ji zafi ba. Cewa yake: "Za ta yi zafi ƙwarai. Zage ni har uwata, amma kada ka janye ƙafa."

Sai shekarun da hanya ta lalace suka zo. Masu bindiga a kan babura suka fara tare motocin 'yan kasuwa da rana kata. Ambilans ɗin da aka ƙera don mutum ɗaya nakan zuba mata huɗu, biyar, wani kan wani. Na taɓa ɗauko dattijo yana riƙe da hanjinsa a cikin rawaninsa, yana tambayata ko jakinsa ya tsira. Idan na sauke su sai in watsa bokitin ruwa a bayan motar, jini ya gangaro kan yashi, ƙuda su rufe shi. Likita ya yi ta yanka, yana fidda harsashi, yana ɗinkewa. Gaskiya ita ce yawancinsu suna fitowa daga ɗakin aiki da ransu.

A gadon jinya abin ke kama su. Kwana biyar ko shida bayan aiki, mutum ya fara cin abinci, danginsa sun fara godiya, sai zazzaɓi ya tashi. A buɗe bandeji a tarar ya yi kore, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi da har yau nake jin sa a maƙogwarona. Ɗinki ya ɓalle, nama ya ruɓe. A canza allura, a sake canzawa, kamar ana zuba ruwa a rairayi. Na sha jin ƙarar zarto daga inda nake ajiye mota, kuma na sha ganin wanda aka yanke wa ƙafa daga gwiwa an dawo an yanke daga cinya.

Majo ne ya ɗebi ruwan miki a kwalba ya ba ni na kai ɗakin bincike a Yamai. Da na kawo takardar, a jikin ƙofar motata ya jingina ya karanta, yatsansa na bin layi ɗaya bayan ɗaya har ƙasa.

"Majo, mi ta ce?"

"Ta ce duk abin da ke cikin farmasinmu ruwa ne wurin ƙwayar cutar ga."

"To daga ina ta hito?"

"Mu munka koya mata. Kafso ɗin kasuwa da kuke buɗewa ku barbaɗa ga miki, ku ba shanu, ku ba kaji, ku sha biyu ku aje sauran. Ta ɗanɗana duka ta saba. Yanzu ba ta da ƙafa, amma tana tahiya gado-gado. Hannunmu ne motarta, da tsumma, da buta."

Nan ne ya yi karo da al'adarmu. A asibitocinmu dangi ne ke sayen komai na jinya. Idan majinyaci ya rasu, ba a komawa gida da abin da ya rage. Ragowar magani, nadin bandeji, buta, tabarma, bargon da ya rufa da shi, duka sai a miƙa wa na gadon kusa, sadaka, ladan ya bi mamacin. Kyakkyawar al'ada ce, ta talakawa masu tausayin juna, kuma ta rufa asirin mutane da yawa. Majo ya hana. Ya ce maganin da ba a buɗe ba a kai farmasi a goge shi a ba mabukata. Duk abin da ya taɓa gadon mai wannan miki kuwa, tanderun ƙona shara da ke bayan asibiti ne makomarsa. Tun daga nan aka sa masa suna mai ƙone sadaka. Aka jefi babur ɗinsa da dutse ranar kasuwa. Aka riƙa kiran 'ya'yansa da sunan a lakkol, wato makaranta. Ni da na ga takardar da idona, na ji bayanin daga bakinsa, nakan kare shi a wurin masu shayi. Ina ganin na fahimta.

Yaya Gado shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Hatsi da wake yake kaiwa kasuwar Abala. Aka tare motarsu. Ni aka aika, kuma ban san shi ne ba sai da na juya wani da ke kife a gefen hanya na ga fuskarsa. Harsashi a ciki. Likita ya yi aiki, ya fito lafiya. Rana ta biyar na iske shi zaune yana shan kunu, Inna mahaifiyarmu na yi masa fifita.

"Ga direban ramuka," in ji shi. "Inna, harsashi bai kashe ni ba, amma tuƙin ɗanki ya kusa. Haka kake kai mutane, ko don ni ne ka rama dukan da na yi maka kana yaro?"

Kashegari zazzaɓi ya tashi.

Sati uku ya yi. Cikinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa. Kullum da safe ni ke danne kafaɗunsa Majo na kankare ruɓaɓɓen nama, yayana na ihu yana kiran mahaifinmu da ya daɗe a ƙasa. Ya taɓa cizon damtsena har haƙoransa suka huda riga. Majo bai taɓa barin wani ya yi masa wankin mikin ba, kuma na san ya buga waya duk inda ya sani yana neman maganin da zai ci. Ba a samu ba. Ranar wata Alhamis da safe Yaya Gado ya cika.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta ninke bargon saƙin da ta rufa masa, sakalar da ta zo da ita gidan aure, ta ɗora butarsa a kai da sauran bandeji. Ta nuna mini gadon kusa, inda wani Bafillace mai suna Hammadi ke kwance da harbi a ƙafa, ba shi da ko zanen rufa. "Kai mishi," ta ce. "Allah ya kai ladan ga yayanka." Na ɗauka. Duk abin da na sani ya fita daga kaina, ko kuma na ture shi. Saura taki ɗaya in ajiye kayan a gadon Hammadi, Majo ya karɓe su daga hannuna, ya zuba a buhu a gaban Inna.

"Tahiru, har da kai?" Abin da ya ce ke nan, ya wuce.

Muka rufe Yaya Gado kafin azahar. Na dawo ajiye mota, kowa ya shige inuwa, sai na ga hayaƙi a bayan asibiti. Ba zan ce ban san ƙarfen jak na hannuna ba. Na buɗe bayan mota na ɗauko shi. Na iske Majo shi kaɗai a bakin tanderu yana tura kaya da sanda, gefen sakalar Inna na ci da wuta.

"Majo, hiddo shi."

"Ya riga ya ci wuta."

"Na Inna ne. Sadakar yayana ce."

"Na sani. Hammadi na da ɗiya shida, kuma ƙafarshi ta fara haɗewa. So kake yayanka ya tahi da shi?"

Kansa na nufa da ƙarfen. Ya ɗaga hannun dama ya tare. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara, na ga farin ƙashi ya huda fata ya fito. Na sake ɗagawa na sauke masa a haƙarƙari. Ya faɗi a kan hannun, cikin toka da tsofaffin bandejin da ba su gama ƙonewa ba. Na tsaya a kansa ina haki, ƙarfen na sama, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da ya hana na uku.

Bai dube ni ba. Hannun ya duba, yadda yake duba na majinyaci, ya ga abin da ya shiga cikin raunin. Na ga ya gane. Sannan ya yi magana.

"Mai da ƙarfen ga cikin mota. Wanke hannunka. Sannan ka kira likita, ka ce murfin tanderu ya faɗo mini."

Na yi duka ukun, bi da bi, yadda ya faɗa.

Ni na kai shi Yamai aka sa masa ƙarfe a ƙashin. Duk tsawon hanyar bai ce mini komai ba sai sau ɗaya, da ya ce in rage gudu a wurin ramuka. Jandarma suka tambaye shi, ya ce murfi. Matarsa, Hajiya Mariyama, ta tare ni a ƙofar ɗakin tana yi mini godiyar saurin da na yi. Hammadi ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu, yana dogara sanda. Ni kuwa ban cika wata ba na ajiye makullin ambilans na bar ƙasar. Na ce wa mutane neman kuɗi zan tafi.

Daga bakin Sule na riƙa jin sauran. Ƙwayar ta shiga ƙashi ta zauna. A buɗe, a kankare, a rufe, bayan wata biyu ruwa ya sake fitowa. Ya koyi ɗaure miki da hagu. Duk lokacin da raunin nasa ke zuba, da kansa yake hana kansa shiga ɗakin jinya. Sai ya sa kujera a ƙofa kusa da bokitin, yana ba da umarni daga nan. A bara aka yanke hannun daga gwiwa. Bai isa ba. Mai ilimi zai iya cewa ba a san ko daga tokar nan ƙwayar ta shige shi ba, ko daga ɗakin aiki, ko daga baya. Na yarda ba a sani ba. Amma ƙofar da ta bi ta shiga, ni na buɗe ta.

Sau ɗaya ya kira ni, shekara biyu da suka wuce. Na ga lambar gida na ɗauka ban sani ba.

"Direba, kana raye?"

"Majo. Ina wuni."

"Lahiya lau. Wanda sunka ba motarka tuƙi yake kamar mai korar jakai. Yaushe za ka dawo?"

"Hannun fa?"

"Shina nan. Tuwo dai hagu ta koya." Sannan ya ce: "Yayanka mutumin kirki ne. Na so in tsai da shi, ban iya ba. Wannan nake son ka sani."

A nan ya kamata in ce ya yafe mini. Kalma uku ce. Na ce masa katina zai ƙare, alhali shi ya kira. Na kashe wayar.

Ba zan mai da shi waliyyi ba, shi ma ba zai so ba. Majo na da kaifin baki. Ya iya gaskiya, bai iya lallashi ba. Da ya zauna da Inna ya yi mata bayani cikin girmamawa, da ya bari muka dawo daga maƙabarta kafin ya kunna wutar, da bai zuba sakalar tsohuwa a buhun shara a gaban idonta ba, wataƙila da abubuwa sun zo daban. Har yau idan na tuna gefen bargon nan yana ci, zuciyata na tafasa. Inna ta rasu tana jin haushinsa, ni kuma na bar ta a haka. Amma duk wannan laifin harshe ne da gaggawa. A kan ainihin maganar shi ne mai gaskiya. Akwai mutane a Kurfai da ke bin shanunsu da ƙafafunsu yau saboda wutar da ya kunna, kuma wasunsu na cikin masu zaginsa.

Hajiya Mariyama, da ke da 'ya'yanki nake magana yanzu. Kin yi shekara huɗu kina wanke raunin da kike zaton ƙaddarar murfi ce, kuma kin yi wa wanda ya yi shi godiya. Mijinki ya rufa mini asiri, amma ba shi kaɗai ke da haƙƙi ba. Ke aka bari ba miji, su aka bari ba uba. Na yanki tikiti. In Allah ya yarda zan iso Filinge kafin sadakar arba'in. Zan zauna a ƙofar gidanku a ƙasa, in maimaita wannan da bakina a gaban duk wanda ya zo. Daga nan magana taku ce. Idan jandarma kuka ce, da ƙafata zan je. Idan alƙali ne, ba zan yi musu ba. Idan kuka ce in tashi kada ku sake ganina, wannan ma haƙƙinku ne.

Ya Allah, ga bawanka Abarshi ya zo maka. Ka san raunukan da ya wanke waɗanda danginsu ma suka kasa kallo. Ka wanke shi daga kurakuransa, ka yafe masa kaifin harshensa, ka sa ciwon da ya ɗauka shekara huɗu bai kai ƙara ba ya zama kaffara gare shi. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka tashe shi da gaɓoɓinsa cikakku. Ka ji ƙan Yaya Gado da Inna da duk waɗanda suka cika a ɗakin nan. Ka ba Hajiya Mariyama haƙurin rashi da haƙurin abin da ta ji yau, ka raya 'ya'yansa, ka tsare su daga bakin mutane. Ka kawo wa ƙasarmu lafiyar hanya da lafiyar gadon jinya.

Duk wanda ya karanta ya ce amin, na gode masa. Ni dai kada a sa ni cikin addu'ar tukuna, sai Hajiya ta ji ni ta yi magana.